Masu aiki da Publisher, ku kwashe fayilolinku tun da wuri

Assalamu alaikum 'yan uwa masu buga katin biki, takardar gayyata da kalanda a Garwa da Marwa. Microsoft ta ce daga Oktoban 2026 za ta janye hannunta daga Publisher, manhajarta ta tsara kati da takardu.

Wanda ya saya gaba ɗaya aka sa masa a kwamfuta, manhajar za ta ci gaba da buɗewa, sai dai babu sauran gyara, babu toshe ƙofar da masu kutse ke bi. Ku tuna filashi nawa kwastomomi ke sokawa a kwamfutar shago kullum. Masu biyan Microsoft 365 kuwa, wato masu biyan kuɗin wata-wata ko shekara-shekara, za a cire musu ita ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin fayilolin .pub, wato aikin da aka ajiye da Publisher. Mutum zai dawo bayan shekara biyu ya ce a canza suna da kwanan wata a katin ɗaurin auren yayansa. Ku buɗe kowanne yanzu, ku ajiye shi a PDF, wanda za a sake taɓawa ku ƙara da Word, ku kwafe a filashi daban. Manhajar LibreOffice Draw kyauta ce kuma tana buɗe .pub, amma rubutu kan goce, sai kun duba kafin bugawa.