Yadda Ake Ɗaukar Kare a Mota Ba Tare da An Jefa Shi Cikin Haɗari Ba

Da zarar an gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, mafarauta a ƙauyukan Sumaila da Rano da Birnin Kudu da Gwaram sukan fara haɗa kuɗin mota domin fita daji. A irin wannan lokaci ne ake ganin a-kori-kura ko Kanta a kan titi maƙil da mutane da karnuka, wasu karnukan suna tsaye a bakin bodi, kowanne da doguwar igiya a wuya. Ba mafarauta kaɗai ke ɗora kare a mota ba. Akwai manomin da zai kai karen gadin garkarsa asibitin dabbobi domin allurar rigakafin haukan kare, akwai kuma makiyayin da ya sauya mazauni ya ɗora iyali da kaya da karensa a mota guda. Kusan dukkansu ɗauri iri ɗaya suke yi, wato wanda suka saba yi a gindin bishiya ko a turke, alhali ɗaurin da ya dace da kare a ƙasa shi ne yake halaka shi idan mota ta fara gudu.

Dalili kuwa a fili yake. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a, idan ta daki wani abu ta tsaya cik, duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya bugi wani abu, kuma ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. Idan gudun ya ninka, ƙarfin bugun ninkawa yake yi sau huɗu. Kare mai nauyin kilo 20 da ya taso daga kujerar baya da irin wannan ƙarfi zai iya karya wuyan wanda ke zaune a gaba, shi ma kuma da wuya ya rayu. Ko ba a yi karo ba, taka birki da ƙarfi saboda akuya ta gitta ko saboda rami ya isa ya wurga kare daga bayan buɗaɗɗiyar mota. Idan sakakke ne, ya faɗa kan kwalta a gaban motar da ke biye. Idan kuma an yi masa ɗaurin talala a wuya, abin ya fi muni, domin igiyar ta isa ta bar shi ya tsallake bodi amma ba ta isa ta kai shi ƙasa ba, sai ya rataye a jikin mota, ko kuwa ta kai shi ƙasan mota ta riƙa jan sa, direba bai ma sani ba saboda ƙarar inji. A Ingila, ƙa'ida ta 57 cikin ƙa'idojin hanya ta umarci direba ya tsare dabbar da ya ɗauka yadda ba za ta ɗauke masa hankali ba, kuma ba za ta ji wa kowa ciwo ba idan an tsaya ba zato. Mu a nan ba mu buƙatar jiran jami'in kiyaye haɗurra ya tare mu kafin mu yi abin da hankali ya riga ya nuna.

Hanya mafi aminci ita ce keji, kuma ba sai an sayo na kanti ba. Duk mai walda a kasuwar Wudil ko ta Shuwarin zai iya haɗa shi da rodi da waya mai kauri, kafinta ma zai iya yin na katako muddin ya bar tazara tsakanin katakan gefe domin iska. Ma'aunin girmansa shi ne karen ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya ya miƙe ƙafafu. Kada a wuce haka da sunan tausayi, domin a cikin keji mai faɗi da yawa kare yakan sami filin da birki zai wurga shi daga wannan bango zuwa wancan. A gaya wa mai walda ya goge duk bakin rodin da ya fito ciki, ya matse tazarar wayar yadda kai ko ƙafa ba za su fita ba, ya kuma sa wa ƙofar sakata mai ramin da za a zura ƙusa ko kwaɗo, saboda girgizar hanyar burji tana zare sakata da kanta. A ƙasan kejin a shimfiɗa katako, a ɗora tsohon buhun algarara ko tabarma, don kada ƙafarsa ta riƙa santsi kuma kada ta taɓa ƙarfen mota.

Keji da ba a ɗaure a jikin mota ba bai tsare komai ba. A bayan a-kori-kura, a tura shi har ya jingina da bayan kan mota, wato wurin da ya fi kusa da direba, a ɗaure shi da igiya mai ƙwari ta kusurwa huɗu a jikin ƙarfen bodi, sannan mutum ya kama ya jijjiga da ƙarfinsa. Idan ya motsa ko kaɗan, a sake ɗauri. Robar tayar da ake ɗaure kaya da ita a kan babur ba ta wadatar a nan, domin tana miƙewa. A ƙaramar mota irin Golf ko Sharon, a ajiye kejin a bayan kujerar baya ya jingina da ita, ko a ƙasa tsakanin kujeru idan ƙarami ne. But ɗin da ke rufe ruf, wanda ba ya haɗe da cikin mota, ba wurin ajiye mai rai ba ne ko na tafiyar minti goma, saboda zafi da rashin iska da hayaƙin salansa.

Sai dai na san ƙungiyar mafarauta mai karnuka goma sha ba za ta iya yi wa kowanne keji ba, kuma a nan ne ɗaurin ƙirji ya zama dole. Manufarsa ita ce nauyin fizga ya sauka a kan ƙirji da kafaɗu, inda ƙashi yake da ƙarfi, maimakon maƙogwaro. Ana iya yin sa da tsohon bel ɗin mota, wanda ake samu da arha wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, a kai wa baduku ko mai gyaran takalmi ya ɗinka. Zobe biyu ake yi: ɗaya ya zagaye gindin wuya ya sauka a kan ƙashin ƙirji, ɗaya ya zagaye jiki a bayan ƙafafun gaba, sai a haɗa su da maɗauri ɗaya ta ƙasa tsakanin ƙafafu, ɗaya ta sama a gadon baya, inda za a ɗinka zoben ƙarfe wanda aka like bakinsa da walda. Idan an sa wa kare, yatsu biyu su iya shiga tsakanin maɗaurin da fata. In ya fi haka zai zame ya fice, in bai kai ba zai goge masa hammata ya yi gyambo.

Ɗinkin shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai. A shekarar 2013 wata cibiya a Amurka mai suna Center for Pet Safety, da tallafin kamfanin Subaru, ta gwada ire-iren wannan ɗauri da ake sayarwa a kantunan can, ta hanyar kwaikwayon karo a gudun kusan kilomita 48 a sa'a da gumakan karnuka masu nauyin na gaske, kuma yawancinsu ba su riƙe ba. Inda irin wannan kaya ke fara sarewa shi ne wurin ɗinki da wurin maɓalli. Saboda haka a sa baduku ya ninka bel ɗin a kowace mahaɗa, ya yi ɗinki mai yawa da zaren roba mai kauri, kuma kada a yarda da maɓallin roba ko ƙugiyar jakar makaranta. Ba zan ce ɗaurin da aka ɗinka a kasuwa zai ceci kare a mummunan karo ba, amma zai hana shi tsalle, zai riƙe shi idan an taka birki ko an faɗa rami, kuma waɗannan su ne suka fi faruwa a hanyoyinmu.

Daga zoben gadon baya sai igiyar da za ta haɗa shi da mota, kuma gajarta ita ce sharaɗinta. A buɗaɗɗiyar mota, a ja igiya mai kauri daga wannan gefen bodi zuwa wancan, kusa da kan mota, a ɗaure ta tamau, sannan a ɗaure karen a tsakiyarta da guntuwar igiyar da za ta bar shi ya zauna ya kwanta, amma ba za ta bar ƙafafunsa na gaba su kai bakin bodi ba. Kafin a tashi, mutum ya ja karen da hannu zuwa kowane gefe ya gani da idonsa. Idan karnukan suna da yawa, a ja igiyoyi biyu ko uku a jere, a ba kowane kare tazarar da ba zai harɗe da na kusa da shi ba. Kada a yi ƙullin zarge a ko'ina, kada a yi wa kare dabaibayi, domin da ƙafafunsa yake tokarewa idan mota ta karkata, kuma kada a cusa shi a buhu. Wanda ke zaune kusa da su ya riƙe wuƙa a inda hannunsa zai kai da sauri, saboda idan igiya ta naɗe wuya ko mota ta kife, ba a samun lokacin kwance ƙulli. A cikin ƙaramar mota kuwa, a zura bel ɗin kujerar baya ta cikin maɗaurin gadon baya a danna shi a mazauninsa. Kujerar gaba ba ta kare ba ce, cinyar direba balle, domin yana iya sauka ƙarƙashin birki, kuma jakar iskar da ke fashewa lokacin karo tana iya kashe shi nan take. A ɗaga gilas yadda kansa ba zai fita ba, saboda tsakuwa da ƙwari da reshen ƙaya.

Adduna da barandami da masu da gorori a haɗa su a ɗaure wuri guda a ƙasa, nesa da karnuka. Karnukan da ba su san juna ba, ko waɗanda aka san suna da tsama, a raba su nesa, karyar da ke neman barbara kuma a bar ta a gida ko a ba ta keji nata.

Bayan igiya, abin da ya fi kashe kare a hanya shi ne zafi, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano da Jigawa kan haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, baki buɗe, harshe waje. Wannan ya sa takunkumin igiya ko na tsumma da ke ɗaure baki gam yake da haɗari ƙwarai a tafiya. Idan kare mai cizo ne kuma dole a sa masa, a saƙa na waya ko na fata mai siffar kwando, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki. A yi wa kejin ko wurin ɗaurin rumfa da tabarma ko asabari, a bar gefe a buɗe, kuma mutum ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen bodi: in bai iya jurewa ba, ƙafar kare ma ba za ta jure ba. Tafiyar asuba ko ta bayan la'asar ta fi. Motar da aka ajiye a rana a rufe kuwa zafin cikinta yakan haura na waje da kusan digiri 20 cikin sa'a guda, mafi yawansa a rabin sa'ar farko, kuma sauke gilas kaɗan ba ya hana hakan, don haka idan an tsaya salla ko cin abinci a nemi inuwa a sauke karen a ɗaure shi a ƙasa. A tsaya duk bayan kamar sa'a biyu a ba shi ruwa a kwanonsa na kansa, wanda ba a haɗa shi da na mutane. Hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowa, kuma kare da ke ɗaure a motarka ba shi da mai shayar da shi sai kai.

Alamomin zafi ya yi masa yawa su ne haki mai tsanani da ba ya lafawa, dalalar yawu mai kauri, dasashi ya yi ja wur, tangaɗi, amai, sannan faɗuwa. Da an ga haka a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a riƙa kwara masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da hammata da cinyoyi, ana yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana iya sha da kansa amma kada a ɗura masa, sannan a nufi likitan dabbobi ko da ya nuna ya farfaɗo.

Karen da bai taɓa shiga mota ba, kada a fara masa da tafiyar yini. A sa masa ɗaurin ƙirjin a gida na kwanaki ya saba, a ajiye masa abinci a cikin kejin ƙofa a buɗe, sannan a yi gajeren zagaye da shi. Ranar tafiya kada a cika masa ciki. A bar sa'a uku ko huɗu tsakanin abinci da tashi domin rage amai. Kada kuma a ba shi maganin barci ko na ciwon jiki na mutane don ya natsu, domin wasunsu, kamar ibuprofen, suna lalata masa ciki da ƙoda. A kan babur, ƙaramin keji da aka ɗaure da kyau a kan kariya shi kaɗai ne hanya. Ɗora kare a kan tanki ko ɗaure shi a baya ya bi da gudu duk ganganci ne.

Idan an isa, a kama igiyar hannu a ɗaura masa kafin a kwance ta mota ko a buɗe keji, kuma a sauke shi ta gefen da ba titi ba, domin kare da ya gaji ya kuma tsorata yakan zabura ya shiga gaban mota ko ya ɓace a garin da bai sani ba. Idan an yi haɗari ya ji ciwo, zai iya cizon ko da mai shi, saboda haka a lulluɓe masa kai da bargo ko buhu kafin a ɗaga shi, a yaye da zarar an kwantar da shi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, a kuma tafi da katin rigakafin karen idan akwai, domin shi ma'aikacin lafiya zai fara tambaya.