Kurakuran da ɗan Bauchi ke tafkawa idan ya goya jaka ya shiga hamada

Ranar da na gaya wa abokai a majalisarmu ta Wunti cewa bayan ziyarar Shehu Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko zan gangara kudu in taka yashin Sahara da ƙafata, wani ya ce wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Bauchi ai ya gama da rana. Muka yi dariya, ni ma na yarda. Wannan yarda ita ce kuskuren da ya haifi sauran. Muna ɗauka mun san zafi don a cikinsa aka haife mu, muna kuma ɗauka mun san mutanen can don alƙiblarmu ɗaya.

Zafin gida yana jiƙa maka riga, sai ka san lokacin neman inuwa ya yi. A Marzuga, ƙauyen da ke bakin tsaunukan yashi na Erg Shebbi kusa da iyakar Aljeriya, iska a bushe take ƙayau. Gumi na fita yana bushewa nan take, rigarka tsaf, kai kuwa ruwan jikinka na ta tsiyayewa. Na fita da hantsi a ƙarshen Mayu da gora ɗaya ta lita ɗaya da rabi. Kafin azahar kaina ya fara sarawa, leɓena ya tsage, wani farin gishiri ya zana layi a igiyar jakata. Mai tafiya da kaya a irin wannan rana yana iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Don haka kada ka jira ƙishirwa, ka riƙa kurɓa a kai a kai. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari. In ya yi ja kamar shayi, ko ka wuni ba ka zaga ba, ka tsaya.

Wasu kuma sun ji an ce a sha ruwa, sai su yi ta ɗirka zalla ba abinci. Shi ma yana kayar da mutum, don gishirin jiki ne ke tafiya da gumi. Ka sayi ƙunshin gishiri da sukari irin na masu gudawa tun daga kemis a gida, ba shi da nauyi. In ya ƙare, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya tofi kawai ana cewa iska ce. A kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nemi asibiti. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane sama da 1,300 suka rasu, kuma da yawansu daga ƙasashe masu zafi suka fito.

Lokacin fita ma darasi ne. Mutanen wurin da asuba suke tafiya, da la'asar sakaliya su ci gaba, tsakar rana kuwa ko raƙumi durƙushe yake. Watannin Yuli da Agusta ba na baƙo ba ne, ka nufi tsakanin Oktoba da Afrilu. Amma fa ka riƙe rigar sanyi da safa, domin daren Janairu a can yana kusantar daskarar da ruwa, hunturun Bauchi wasa ne.

Kaya kuwa, na tafi da ƙaramar riga mai gajeren hannu wai don in sha iska, ga kaftanina na bari a ƙasan jaka. Kwana biyu na koma gare shi. Doguwar riga mai faɗi da rawani, irin shigar Buzaye da muke gani a kasuwar Muda Lawal, ita ce daidai. Silifas ya yi wa yamma, amma yashin tsakar rana yana toya tafin ƙafa. Da safe ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa, kunama na son ɗumi. Kada kuma ka shimfiɗa a busasshen rafi don ya yi laushi. Ruwan da aka yi a dutse mai nisa yana iya zuwa da dare. A Satumban 2024 an yi ruwa a kudu maso gabashin Maroko har tafkin Iriki da ya shekara da shekaru a bushe ya cika. Shiga cikin yashi kai kaɗai da taswirar waya kuwa ganganci ne, ɗauki ɗan jagora ta hannun masaukinka, ku gama ciniki tun a ƙofa.

Abin da ya fi rana wahalar da ni shi ne zama da mutane. Na zo da Larabcin Islamiyya ina taƙama, na tambayi mai shago farashi da cikakken nahawu. Ya yi murmushi ya amsa da Faransanci. Darija suke yi, wato Larabcinsu na yau da kullum, a kudu kuma da yawa Amazig ne, 'yan asalin yankin, masu harshensu, wanda ya zama na hukuma tun 2011, kuma ba kowa ke son a kira shi Balarabe ba. Kalmomi kaɗan suka cece ni: labas a gaisuwa, bishhal wato nawa, bizzaf wato ya yi yawa. Gaisuwarmu mai tsawo, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ta yi mini amfani a ƙauye. A tashar mota ba mai lokacinta, kuma hakan ba wulaƙanci ba ne, ko da yake ni a ranar na ɗauke shi haka.

A mako na biyu abin ya taru mini. Burodi safe, burodi rana, burodi dare. Shayin na'ana'a mai sukari kamar zuma. Yara a lungu suna kirana Afirka, kamar su a wata nahiya suke. Na kulle kaina a ɗaki ina kallon bidiyon gida a WhatsApp, ina ƙirga kwanaki, ina ganin laifin kowa. Wannan ma kuskure ne, don kaɗaici yake ƙarawa. Kewar gida tana zuwa wa kowane baƙo bayan ɗokin farko ya wuce, kuma tana sauka in ka fita. Ka riƙe yajinka a ƙaramar roba, ka ware lokaci ɗaya na kiran gida, sauran yinin ka ba garin. Kuɗi ma kada su ƙara maka damuwa: naira ba ta canzuwa a can, ka tafi da Yuro ko Dala ka karɓi dirhami, ka riƙe ƙananan canji don ƙauye.

Ni masallaci ne ya warware mini. Bayan magariba jama'a suka zauna da'ira suna karanta hizbi da murya ɗaya, da ruwayar Warshu, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo. Na zauna a gefe ina bi a hankali. Da aka shafa wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Daga ina, ɗana?" Na ce Najeriya. Ranar Juma'a a gidansa na ci kuskus, akushi ɗaya da 'ya'yansa, kowa na ci daga gabansa, shi kuma yana turo mini nama da yatsa.