Yadda Za A Kare Kaji Da Agwagin Gida Daga Murar Tsuntsaye

A gidajenmu da yawa kaji da agwagi tare suke kwana, tare suke tashi: kasko ɗaya suke shan ruwa, dusa ɗaya ake zuba musu, sau da yawa kuma akwai wata agwagwa da yaran gida suka shaƙu da ita har suka raɗa mata suna suna ɗaukarta a hannu. Wannan cuɗanya ita ce babbar ƙofar da murar tsuntsaye ke shigowa ta cikinta, kuma rufe ƙofar bai fi ƙarfin mai ƙaramin kiwo ba idan ya san inda haɗarin yake.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Nau'in da ake kira H5N1 an fara gano shi a 1996 a lardin Guangdong na ƙasar Sin, a watan Fabrairun 2006 kuma aka tabbatar da ɓullarsa a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, abin da ya sa Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta ba da rahotonsa. Kafin watan ya ƙare aka same shi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, a jikin agwagin gida. A Janairun 2007 wata mata 'yar shekara 22 ta rasu a Legas sanadiyyar cutar, sannan annobar ta sake dawowa a 2015 da 2021, Kano tana cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna.

Abu na farko da ya kamata mai kiwo ya riƙe shi ne bambancin kaza da agwagwa. Kaza idan ta kamu ba ta daɗewa, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu za a wayi gari a tarar da ita a mace. Agwagwa kuwa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar tana yawonta lafiya lau, tana ci tana sha, alhali tana zubar da ita a kashinta da yawun bakinta. Saboda haka a raba musu wurin kwana, a raba musu kaskon ruwa, domin agwagwa tana tsoma baki da kai gaba ɗaya a ruwan sha, kaza kuma ta zo ta sha abin da ta bari. A lokacin hunturu, sa'ad da tsuntsayen daji ke ƙaura daga Turai da Asiya suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi, a hana agwagi zuwa kududdufi ko fadama, a zuba musu ruwan rijiya ko na famfo a wani bahon da za a riƙa zubarwa ana wankewa kullum. Sanyi abokin wannan ƙwayar cuta ne: a cikin kashin tsuntsu tana iya rayuwa sama da wata guda idan wuri ya yi sanyi sosai, a zafi mai tsanani kuwa kwanaki kaɗan take yi. A riƙa ba da abinci a ƙarƙashin rumfa, a kwashe ragowar, don kada ya jawo tsuntsayen waje su sauka su yi kashi a ciki.

Hanya ta biyu da cutar ke shigowa ita ce kasuwa. Duk kazar da aka sayo, ko aka kawo kyauta, ko aka kai kasuwa ba ta yi ciniki ba aka dawo da ita, a killace ta ita kaɗai na mako uku kafin ta shiga cikin sauran. Wanda ya dawo daga layin masu kaji ya wanke takalminsa da hannunsa kafin ya kusanci akurki, kuma kada a karɓi aron keji ko kiret ɗin ƙwai daga wani gida sai an wanke shi da sabulu, an bi shi da ruwan bilic, an shanya a rana. Dole a fara kankare kashin da ya manne, domin bilic ba ya aiki a kan datti.

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da mutuwar kaji da yawa farat ɗaya, kumburin kai da kewayen ido, jan naman da ke saman kan zakara da wanda ke reto a ƙarƙashin bakinsa ya koma shuɗi ko baƙi-baƙi, ɗigon jini a ƙarƙashin fatar ƙafa, zawo kore, numfashi da ƙyar, da raguwar ƙwai ko ƙwai mai taushin ɓawo. Agwagwar da cutar ta ci ƙarfinta takan karkace wuya ko ta riƙa juyawa wuri ɗaya. Waɗannan alamomi suna kama da na cutar Newcastle, wadda ta saba share kajin ƙauye duk shekara, kuma ido ba ya iya rarrabe su sai gwaji, irin wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato take yi. Ɓawon maɗaci da barkono da ƙwayar nan mai ja da rawaya da ake ɓarewa a ruwan kaji ba sa taɓa wannan cuta, ɓata lokaci ne kawai yayin da take yaɗuwa.

A nan ne na fi son a saurare ni da kyau. Mun saba da zarar kaza ta fara layi sai a ce, “Maza a kawo wuƙa kada ta yi mushe.” Na san hasarar kaza ba ƙaramin abu ba ne ga matar da take tara kuɗin makarantar yara da ita, amma wannan yankan shi ne mafi haɗari a cikin lamarin duka. Mutane ba su cika kamuwa ba, sai dai daga cikin sama da mutum 800 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu tun daga 2003, kusan rabi sun rasu, kuma mafi yawansu sun taɓa tsuntsu maras lafiya ko matacce. Yanka da figa da fiɗa su ne ke fito da jini da ƙurar gashi da kayan ciki, kuma a gidajenmu yara da mata ne ke wannan aiki. Kazar da ba ta da lafiya kada a yanka ta, kada a sayar da ita da araha, kada a ba maƙwabci. Sanyawa a firiji ba ya kashe ƙwayar. Dafuwa tana kashe ta idan zafin ya kai digiri 70 har cikin tsoka, shi ya sa ko naman lafiyayyar kaza ake so ya dahu babu ja a ciki, ƙwai kuma gwaiduwarsa ta daskare.

Idan aka sami matacciya, babba ne zai ɗauke ta, ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya sa hannu cikin leda biyu, kuma kafin a binne ta a sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, domin ƙila su buƙaci samfur. A haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, nesa da rijiya, ko a ƙone ta ƙurmus. Jefawa a bola ko kwata yaɗa cutar ne ga unguwa baki ɗaya, har da kyanwa da kare, waɗanda su ma suna iya kamuwa. Sauran tsuntsayen a kulle su, babu mai shiga babu mai fita, kuma kada a kai kashinsu gona a matsayin taki. Idan gwaji ya tabbatar da cutar, jami'ai za su hallaka waɗanda suka rage, har da agwagwar da ake ganin ƙalau take. Ya kamata a zaunar da yara a yi musu bayani tun da wuri cikin lallashi, domin yaron da bai fahimta ba yana iya ɓoye tasa a ɗaki.

Duk wanda ya taɓa tsuntsayen a sa masa ido na kwana 10. Idan ya fara zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, jan ido ko ɗaukewar numfashi, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita ƙarara cewa kaji sun mutu a gidan, domin maganin oseltamivir ya fi amfani idan aka fara shi cikin sa'o'i 48 na farko. A Najeriya ana iya kiran hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, kyauta a lamba 6232. Akurkin kuma a wanke shi, a fesa masa magani, a bar shi babu kowa aƙalla mako uku, kuma kada a zuba sababbin 'yan tsaki sai jami'in lafiyar dabbobi ya ba da izini.