Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a kan duwatsu masu aman wuta na Hawai

Na gaji da zaga amsa iri ɗaya da jan biro. Duk shekara idan muka zo darasin duwatsu masu aman wuta a ajin labarin ƙasa nan Daura, tsibiran Hawai ne misalinmu, kuma a kansu yara suka fi tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne cusa Hawai cikin zoben wuta da ya kewaye tekun Fasifik. Yaro ya haddace cewa aman wuta yana aukuwa inda farantan ɓawon duniya, wato manyan ɓangarorin da doron ƙasa ya kasu, suka haɗu, kamar a Japan da Indunusiya, da ya ga Hawai a Fasifik sai ya yi musu kuɗin goro. Don Allah a buɗe taswira! Hawai tana tsakiyar faranti, tsakaninta da bakinsa dubban kilomita ne. A ƙarƙashinta akwai wani gurbi mai tsananin zafi da ke turo narkakken dutse sama. Gurbin kusan ba ya gusawa, farantin ne ke tafiya a kansa zuwa arewa maso yamma, kimanin santimita 7 zuwa 10 a shekara. Wani masani ɗan Kanada, Tuzo Wilson, shi ya kawo wannan bayani a 1963.

Wannan kuskure ya taɓa raba mu da kofi a wata gasar kacici-kacici a Katsina. Tambayar ƙarshe ce, aka ce me ke jawo aman wuta a Hawai, yarinyar da na fi ji da ita ta miƙe ta ce haɗuwar farantai, alƙali ya girgiza kai. Muka dawo Daura babu mai cewa uffan a mota. Haddar da babu fahimta ce ta kayar da mu, shi ya sa yanzu ba na karɓar amsa a wannan babi sai ɗalibi ya sa yatsa a taswira ya nuna mini bakin farantin.

Na biyun ma yana ci mini rai. Wai tsibirin da ya fi girma shi ya fi tsufa. Ina! Babban Tsibiri, wanda ke kudu maso gabas, shi ne auta, dutsensa mafi tsufa bai wuce shekara miliyan 1 ba, yayin da tsibirin Kauai, can arewa maso yamma, ya kai kimanin miliyan 5. Tsibiri yana barin gurbin zafin sai wutarsa ta mutu, ruwan sama ya zaizaye shi, ya riƙa nitsewa. Ni kyandir nake kunnawa in ja kwali a hankali ta samansa, ina ɗan tsayawa. Tabon ƙuna sai su jeru, na farko yana can nesa, sabon yana daidai kan harshen wutar. Sai in ce, "Wane tabo ne Kauai?" Ba wanda ya sake faɗuwa bayan ya ga haka. A gaban Babban Tsibiri ma akwai wani dutse, da ake ce masa Loihi a da, yana tasowa a ƙarƙashin teku, saura masa kimanin mita 1,000 ya leƙo.

Sauran ƙanana ne. A daina zana duwatsun Hawai da tsini. Narkakken dutsensu ruwa-ruwa ne, yana malala nesa, shi ya sa suke da faɗi da gangare mai sauƙi. Amma kada a ce ba su da haɗari: aman dutsen Kilauea na Babban Tsibiri a 2018 ya cinye gidaje fiye da 700. Dutse ya yi shiru ba ya nufin ya mutu, Mauna Loa ya kwanta tun 1984, ya farka a Nuwamban 2022. Kuma Mauna Loa daban, Mauna Kea daban. Na biyun ne mai tsawon mita 4,207 daga saman teku, idan kuwa aka auna daga gindinsa a ƙasan teku ya zarce Everest.

Sai masu kawo mini duwatsun Dutsin-Ma a matsayin misalin masu aman wuta. Waɗannan a cikin ƙasa suka daskare, zaizaya ce ta fito da su. Mai neman misali a Najeriya ya rubuta tsaunukan Biyu ko na Jos, mai son wanda har yanzu yake da rai ya rubuta Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000.