Yadda kyaftin ɗin hoki zai yanke shawarar janye sharaɗin hana sayar da shi

Malam kyaftin, kafin ka sa hannu ka janye sharaɗin da ya hana kulob sayar da kai ba da yardarka ba, duba kulob ɗinka tukuna, in sun fara sayar da manyan 'yan wasa suna tara yara to gaskiya kofin Stanley, wato babban kofin gasar hokin ƙanƙara ta NHL a Amurka da Kanada, ba nan kusa ba, kai kuma shekaru sun ja, gwiwa ta fara ciwo. Sai ka ba manaja sunan kulob biyu ko uku kawai da za ka yarda ka koma, kar ka bar masa zaɓi. Ka shawarci iyali, sauya gari a watan Maris, ana tsakiyar kakar wasa, ba wasa bane. Ray Bourque, kyaftin ɗin Boston a lokacin, ya bar kulob ɗin a 2000 ya ɗauki kofi da Colorado a 2001, amma fa Jarome Iginla, kyaftin ɗin Calgary a lokacin, ya koma Pittsburgh a 2013 bai samu ba. Ni dai da ni ne, tafiya zan yi.