Haɗa biyel a motar tarakta: kar ka ruɗa huluna

To masu gyaran tarakta a Garwa da Marwa ta Kamaru, musamman masu Massey Ferguson ɗin nan mai injin Perkins da ake noman auduga da ita, ga yadda za ka mayar da biyel, wato sandar da ke haɗa fistan da bilbirke (babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji), in ka sauke inji.

Tun kafin ka kwance ka duba lamba. Kowace biyel da hularta, wato murfin da ke rufe ta a kan bilbirke, an buga musu lamba ɗaya, 1 zuwa 4 in silinda huɗu ne, 1 zuwa 3 a MF 135, kuma lambobin gefe ɗaya suke kallo. In ta goge ka buga taka da ponci, ka kuma lura wane ɓangaren inji suke fuskanta. Dalili kuwa a masana'anta tare aka ɗaure su aka huda ramin, hular lamba 2 a kan biyel lamba 3 za ta zauna kamar lafiya lau amma ramin ya daina zama da'ira, kusine, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin biyel da bilbirke, zai cinye, bilbirke ya bi shi. Kamar murfin tukunya ne, kowacce da nata.

In ɗaya ta lanƙwashe, wanda yawanci ruwa ne ya shiga silinda, kar ka je kasuwa ka ɗauko kowace iri don tsawon ya yi daidai. Ɗora su a sikeli, nauyin ya zo ɗaya da sauran, in ba haka ba injin zai riƙa karkarwa. Wasu su ce a miƙar da ita da wuta, ni dai ban yarda ba.

Kusine kuma sai ka san girman bilbirke. In an kai shi an rage, akwai kusine na milimita 0.25, 0.50 da 0.75, tambayi mai injin ragewa nawa ya cire.

Wajen haɗawa a wanke komai da gazuwal, a rufe da tsumma mai tsabta saboda ƙurar hunturun nan ba ta da kirki. Bayan kusine a bar shi a bushe, ɗan harshensa ya faɗa gurbinsa, a shafa mai a fuskar ciki kawai. Fistan ka tsoma shi a ruwan zafi, aks ɗin da ke haɗa shi da biyel zai shige da yatsa ba guduma, sai kilip biyu su zauna ɗas. Alamar gaba ta kalli radiyeta, bakin segiman, wato zobban fistan, kar su jeru layi ɗaya. Sa guntun tiyo a kan kusoshin biyel kada su karce bilbirke lokacin turawa.

Noti sababbi, kuma da makulli mai awo, adadin yana littafin injin, ɗaurin "hannuna ya saba" shi ke fasa bulok. Kana gama kowace biyel ka juya bilbirke da hannu, in ya cije a ta 3 ka san inda matsalar take, kwance ta ka sake dubawa kafin ka taɓa ta 4.