Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Koya wa Jariri Mai Shan Nono Shan Bulumboti ko Kofi

Jaririn da ya saba da nonon uwarsa ba don taurin kai yake ƙin bulumboti ba, kuma galibin kurakuran da iyaye ke tafkawa a wannan mataki daga rashin gane hakan suke tasowa. Idan jariri yana kan nono, buɗe baki yake yi sosai ya kama kan nonon har da baƙin da ke kewaye da shi, ya yi ta tsotso na ɗan lokaci kafin ruwan ya sauko, kuma shi ne ke iko da saurin shan da kansa. Bulumboti kuwa tun daga tsotson farko yake kawo ruwa, wani ma yana ɗiga ko an ja ko ba a ja ba, ga robarsa ta fi fata tauri, babu ɗumin jiki, babu ƙanshin uwa. Abin da ake nema daga jaririn shi ne ya koyi sabuwar hanyar sha ba tare da ya saki ta farko ba, kuma koyo irin wannan ba ya yiwuwa da gaggawa ko da tilas.

Kuskuren farko a kan lokaci yake, kuma ta fuska biyu ake yin sa. Wasu suna fara ba da bulumboti tun a makon farko ko na biyu, alhali a waɗannan makonni ne jikin uwa ke daidaita yawan nonon da zai riƙa samarwa gwargwadon yawan tsotson da ake yi masa, shi ma jaririn bai gama iya kamun nono ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Nonon da aka tatsa aka ba shi a kofi ko bulumboti bai fita daga wannan ƙa'ida ba, sai dai masu ba da shawara kan shayarwa sun fi son a jira har shayarwar ta kankama, wato kamar mako 4 zuwa 6 bayan haihuwa, in dai babu wata larura da likita ya gani.

Ɗaya fuskar ita ce jinkiri, kuma ita ta fi jefa iyaye mata cikin damuwa. Sabon jariri yana tsotson duk abin da ya taɓa ganɗarsa ba tare da ya yi niyya ba, amma tsakanin wata 2 zuwa 4 wannan ɗabi'a tana gushewa, tsotso ya koma abin da yake yi da zaɓinsa. Shi ya sa uwar da za ta koma aiki ko makaranta, ta bari sai ana gobe za ta fita sannan ta ɗauko bulumboti, take iske jaririn ya tura robar waje da harshe yana kallonta. Ya kamata a fara gwadawa aƙalla mako biyu kafin ranar da za a buƙaci abin. Idan kuma ya karɓa, kada a ajiye bulumbotin a ce ai ya iya, domin jaririn da ya sha lafiya lau yana da mako 6 zai iya ƙi ƙememe yana da wata 3 idan an daɗe ba a ba shi ba. Ɗan kaɗan sau biyu ko uku a mako ya isa ya riƙe sabon.

Akwai wata shawara da ta yaɗu, wadda a ganina ta fi kowace cutarwa, cewa a ƙyale shi da yunwa, in ta ci shi zai karɓa. Jaririn da yunwa ta kai shi ga tsala kuka ba ya cikin halin koyon komai, abin da ya sani kawai yake nema, kuma idan aka yi ta cusa masa roba a baki yana kuka, sai ya haɗa bulumbotin da wahala, gobe da ya hango shi zai fara kau da kai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da yake a farke cikin natsuwa, kamar awa guda bayan ya sha nono, ko kuma daidai lokacin da ya fara nuna alamun yunwa na farko, irin su tsotson hannu da juya kai yana neman nono. A shafa masa kan robar a leɓensa na sama a jira ya buɗe baki da kansa. Idan ya yi wasa da ita, ko ya tauna ta da dasashi bai sha komai ba, wannan ma ci gaba ne. Idan ya fara kuka a dakata, a rarrashe shi, a bari sai wani lokaci. Sau da yawa kuma ya fi karɓa daga hannun uba ko mai reno, muddin uwar ba ta cikin ɗakin, saboda yana jin ƙanshinta da muryarta, kuma ba ya ganin dalilin karɓar roba alhali nonon yana kusa.

Inda aka fi yin ɓarna ba tare da an sani ba shi ne yanayin ba da bulumbotin. An saba a kwantar da jariri rigingine a hannu, a kifa masa bulumbotin tsaye, nono ya riƙa kwarara cikin bakinsa. A wannan hali dole ya yi ta haɗiya don kada ya ƙware, sai mai ba shi ya ɗauka yunwa ce ta sa yake sha da sauri haka. Abu biyu ke biyo baya. Ko dai jaririn ya tsorata da yawan ruwan ya ƙi bulumbotin, ko kuma ya saba da samun nono a sauƙaƙe, sai ya koma wurin uwa ya riƙa sakin nono yana fushi saboda ruwan bai sauko nan take ba. Iyaye da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa nonon ya ƙare, alhali saurin zuba ne ya bambanta.

Gyaran wannan ba shi da wuya. A zaunar da jaririn kusan a miƙe, a tallafe kansa da wuyansa, a riƙe bulumbotin a kwance, a ɗan karkata shi daidai yadda nono zai cika kan robar kawai. Bayan ya yi haɗiya kaɗan a sauke gindin bulumbotin ƙasa, robar tana cikin bakinsa, ya huta ya yi numfashi, sannan a sake ɗagawa. Shayarwar ta ɗauki kamar minti 15 zuwa 20, kusan yadda take ɗauka a kan nono, a kuma tsaya a tsakiya a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. A yi amfani da robar da ke zuba a hankali, wadda aka yi don sababbin jarirai, kuma babu buƙatar a sauya ta da mai saurin zuba don kawai an rubuta wasu watanni a jikin kwalinta, tun da nonon uwa ba ya ƙara saurin zuba don jariri ya ƙara wata. Faɗaɗa hujin robar da allura ko almakashi kuwa haɗari ne tsantsa. Alamomin da ke nuna ruwan ya yi masa yawa su ne nono yana zubowa ta gefen baki, ko ya zaro ido, ko ya buɗe yatsu yana ture bulumbotin, ko ya riƙa tari.

Daga nan sai batun yawa. Bulumboti yana da layukan awo a jikinsa, kuma da zarar ido ya ga an bar saura sai zuciya ta ce bai ƙoshi ba. Jariri mai shan nonon uwa zalla, daga wata 1 zuwa 6, yakan sha kimanin mililita 750 a yini da dare, wasu ƙasa da haka wasu sama, kuma abin da yake sha a zama ɗaya yakan kasance tsakanin mililita 60 zuwa 120. Bai dace a auna shi da ma'aunin da ke jikin gwangwanin madara ba. A ranakun koyo ma mililita 20 ko 30 sun wadatar, don kada a yi asarar nonon da aka sha wahalar tatsa. Idan ya saki robar, ya juya kai, hannuwansa suka saki, to ya ƙoshi, kuma matsa masa ya shanye ba ya haifar da komai sai tumbuɗi da ciwon ciki.

Uwa ma tana da nata kuskuren, wato ta bari a ba jariri bulumboti ita kuma ba ta tatsa ba. Nono gwargwadon yadda ake fitar da shi yake samuwa, don haka duk shayarwar da aka tsallake saƙo ne ga jiki cewa a rage. Banda raguwar, nonon zai iya cika ya ɗaure, har ya kai ga kumburi da zazzaɓi. Duk lokacin da bulumboti ya maye gurbin shayarwa, ta tatsa a kusan wannan lokacin, da hannu ko da na'ura.

Wani lokacin ba bulumbotin jaririn yake ƙi ba, abin da ke ciki ne. Ya saba da nono mai ɗumin jiki, sai a ba shi mai sanyi daga firji. Ana ɗumama nono ne ta hanyar tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, sannan a ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu a ji. Ba a ɗora shi a wuta, ba a kuma sa shi a maikurowef, domin yana yin zafi a wani gefe ya bar wani, ya ƙona bakin jariri. Cibiyar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ce nonon da aka tatsa yana iya kaiwa awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 na ma'aunin Salshiyas ba, kwana 4 a firji, a firiza kuma ya fi kyau a yi amfani da shi cikin wata 6. Wanda aka narkar a firji a shanye shi cikin awa 24, kuma ba a mayar da shi firiza. Ragowar da jariri ya bari a bulumboti a zubar da ita in ta wuce awa 2. Nonon wasu mata yakan ɗauki wani ƙanshi kamar na sabulu idan ya kwana, saboda kitsen da ke cikinsa ya fara narkewa. Ba lalacewa ya yi ba, amma wasu jarirai ba sa son sa, shi ya sa ya fi kyau a fara koyon da nonon da aka tatsa a lokacin.

Idan madarar gwangwani ce za a haɗa da ita, a sani cewa garinta bai kuɓuta daga ƙwayoyin cuta ba ko da gwangwanin sabo ne, saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama ta da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce ta kafin a bayar. A bi awon da aka rubuta daidai, domin ƙara ruwa don ta yi auki yana hana jariri samun abin da jikinsa ke buƙata, rage ruwa kuma yana wahalar da ƙodarsa. Wanki ma ba ɗauraya ba ce kawai. Sai an warware bulumbotin gaba ɗaya, an wanke kowane ɓangare da sabulu da burushin da aka keɓe masa, an tafasa, an bar shi ya bushe da kansa, domin a lungun robar da zoben murfin nono ke maƙalewa ya jawo gudawa.

Abubuwa uku kuma ba su da wani gyara sai bari: jingina bulumboti da matashi a bar jariri yana sha shi kaɗai, kwantar da shi barci da bulumboti a baki, da zuba garin hatsi ko wani abu mai kauri a ciki don ya daɗe yana barci. Na farko da na uku suna iya sa ya ƙware, shan bulumboti a kwance yana ƙara yawan ciwon kunne, madarar da ke kwana a baki kuma tana cinye haƙora tun suna tsirowa.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne bulumboti ba dole ba ne. Ko jariri ƙarami yana iya shan nonon da aka tatsa da ƙaramin kofi, kuma ma'aikatan lafiya suna amfani da wannan hanya har ga bakwaini, ga shi kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Ana zaunar da jaririn, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, shi kuma ya riƙa lasa yana kurɓa. Ba a ɗura masa. Jaririn da ya kai wata 5 ko 6 yana ƙin bulumboti kuwa, ɓata lokaci ne a ci gaba da kokawa da shi, gara a wuce kai tsaye zuwa kofi.

A wajen kofi kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen irin wanda ba ya zuba ko an kifa shi. Irin wannan kofi yana da wata 'yar roba a cikin murfinsa da ke toshe ruwa sai an tsotsa da ƙarfi, ke nan yaron tsotso yake ci gaba da yi, bai koyi kurɓa ba, wani kuma ya ja ya ji babu komai ya yar. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta fi son a fara daga wata 6 da buɗaɗɗen kofi, ko mai murfi wanda ruwa ke fita daga bakinsa ba tare da matoshi ba. A zuba ɗan kaɗan, a riƙe tare da shi a lokacin cin abinci yana zaune, a kuma sa rai zai jiƙa rigarsa na tsawon makonni. Abin da ya dace a zuba shi ne nonon uwa ko ruwa mai tsabta, ruwan ma sai bayan wata 6, kuma kurɓi kaɗan ne don kada ya cika masa ciki ya rage shan nono. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2017 kada a ba yaro ruwan 'ya'yan itace kafin ya cika shekara 1, zuma ma ba a ba shi kafin wannan lokaci saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Haka nan kada kofin ya zama abin yawo a hannu yini guda da abu mai zaƙi a ciki. Wanda ya riga ya saba da bulumboti a fara janye masa shi daga wata 12, a gama kafin wata 18, ana farawa da na rana, na dare ya zo ƙarshe.

Yawancin jarirai suna karɓa cikin kwanaki ko 'yan makonni, wasu kuma sukan sha ɗan kaɗan da rana su rama da dare idan uwa ta dawo, wanda ba matsala ba ne muddin nauyinsu yana ƙaruwa kuma suna jiƙa kunzugu kamar sau 6 a yini da dare. Amma idan fitsarin ya ragu ko ya yi duhu, ko bakinsa ya bushe, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya kuzari, ko kuma yana ƙwarewa da tari a duk lokacin da ya sha ko da an rage saurin zubar, a kai shi wurin likita a ranar.